Kafaɗar Baba Mai Aski

Shekara talatin Babanmu yana aski, kuma bai taɓa yarda jikinsa na da laifi ba sai da kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo. Nan take ya yanke hukunci: injin aski ne ya cinye ta. Mama ta shafa man zafi har gidan ya koma warin kemis, ta gasa da ruwan ɗumi, ta murza kamar mai wanki. A banza. Cikinsa kuwa yakan murɗa bayan cin abinci mai maiƙo, amma wannan ya ɗora wa girkin Mama.

Shagon nan shi ne ransa. Ranar da hannunsa ya karkace ya aske wa wani direba gefe guda tas, sai ya rufe shago ya dawo gida. Washegari ya kira mijina, wanda ya koyi aski a hannunsa, ya miƙa masa makulli a gaban kowa, ya ce ya bar masa har abada. Na ji haushi ƙwarai, don ko ɗan nuna ƙin karɓa mijin nawa bai yi ba.

Bayan wata biyu zazzaɓi ya kai Baba asibiti. Likita ta saurari tarihin kafaɗa da haƙuri, sannan ta danna ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. Baba ya zabura har takalminsa ya fita. Hoto ya nuna matsarmama ce cike da tsakuwa. Ta ce kumburin yana gogar tantanin numfashi, jijiyarsa kuma ta ƙofa ɗaya take shiga lakar ƙashin baya da ta kafaɗa. Laka ke tace saƙon ciwo kafin ta tura sama, ƙwaƙwalwa kuma ta ɗora wa wanda ta fi sani.

"Wato kafaɗata ba ta yi komai ba?" in ji Baba.

"Sharri aka yi mata," in ji likita.

Aka yi aiki, kafaɗa ta warke sarai. Mama ta yi sati tana yi masa dariya. Ran nan ya sa rigar aikinsa, na raka shi shago. An sake fenti, an ɗaga madubi sama daidai tsawon mijina. Baba ya tsaya yana juya hannu don kowa ya gani, amma ya kasa buɗe baki ya nemi abin da ya bayar.

Mijina ya kakkaɓe kujera da tawul, cikin ladabi.

"Zauna, Baba. Yaya za a yi maka, a rage ko a kwashe duka?"

Baba ya zauna.