Sarzan Tanimu Bai Nemi Lauya Ba

"Da bakinka za ka faɗa, Sarzan," in ji Metir Kadi, lauyar. "Ka ce kana son lauya, kana son likita. Doka ta ba ka wannan, ko da kana soja, ko da kana tsare. Amma sai kai ka nema."

Sarzan Tanimu ya dubi ƙafafunsa da ciwon sukari ya kumbura har silifa ta ƙi shiga. Malam Isa, maƙwabcinsa na unguwar Harobanda a tsallaken kogi, wanda ya yi ta zarya har ya samo lauyar, yana gefe kan bencin ɗakin ziyara na bariki, riƙe da kwanon tuwon da Halimatu matar Sarzan ta aiko. Shekarar nan ce damina ta ƙi, soja suka karɓi mulki, mutanen ƙauye suka cika bakin gada da shanun da ko tsayuwa ba sa iyawa.

Maganar ba ta da tsawo. A buronsu, wato ofishinsu na bariki, inji mai ƙwaƙwalwa ɗaya ne, kuma da sunan Tanimu da lambarsa ake buɗe shi. Shi ke fara zuwa, ya buɗe, ya bar shi haka har a tashi, kamar butar alwala a ƙofar masallaci. A ganinsa rufe wa abokin aiki inji rowa ce. Wata rana daga injin nan aka aika wa wani gidan rediyon waje hotunan hatsin agaji ana loda shi a motar ɗan kasuwa. Da aka bincika, sunansa ya fito. Isa kuwa ya san Tanimu: ko hoton jikarsa ne a salula sai ya tsallako katanga a buɗe masa.

"Metir," Tanimu ya ce, "in na ɗauki lauya ai na kai ƙarar kaftin ɗina ke nan."

"Ba ƙara ba ce. Kare kanka ne."

"Ranar sunan ɗiyata shi ya kawo rago." Ya numfasa. "Kuma a gaban alƙali za a tambaye ni wa ya zauna kujerar. Yaran buron nan a hannuna suka tashi."

"To bar lauya," Isa ya ce. "Nemi likita kawai, don Allah. Halimatu ta ce in ba ka nema ba kada in koma gida."

Tanimu ya yi dariya kaɗan. "Ka koma, Malam. Faɗanta ba ya kwana."

Ana cikin haka kaftin ya shigo, dogo, mai ladabi, ya gaida kowa.

"Sarzan, ya jiki? Akwai abin da kake bukata?"

Tanimu ya dafa bango ya miƙe, ya haɗa ƙafafun nan biyu da ƙyar, ya sara.

"Da sauƙi, mon kapiten. Ba komai."

Kaftin ya kalli ƙafafun. Ya gani sarai, Isa ya ga ya gani. Ya ɗan jira, kamar mai ba da dama, sannan ya juya wajen lauyar.

"Kin ji da kunnenki, Metir."

A hanyar gida Isa ya haye kogi, ruwan ya janye ya bar yashi. Haushi yake ji, ya rasa na wa. Shi kansa da za a tambaye shi jiki a gaban babba, amsar da zai bayar ke nan.

Bai ƙara ganin maƙwabcinsa tsaye ba. Wata Talata da hantsi motar bariki ta tsaya a ƙofar gida, aka shigo da shi a naɗe cikin bargo. An ce ya faɗi wajen alwala, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Halimatu ba ta yi kururuwa ba. Ta ce wa Isa ya aika a sayo likkafani a Babbar Kasuwa, mai kauri, don Sarzan ba ya son yadi shara-shara.

Metir Kadi ta zo gaisuwa. Isa ya raka ta bakin hanya ya tambaye ta shari'ar.

"An rufe," ta ce. "Wanda ake tuhuma ya rasu."

"An wanke shi ke nan?"

"A'a, Malam. An dai rufe."

Da la'asar mutanen buronsa suka iso tare, cikin kaki. Suka cire takalma, suka zauna kan tabarma, kowa kansa a sunkuye, aka yi addu'a. Isa ya tashi ɗebo musu ruwa. A bakin rumfa ya tsaya, moɗa a hannu, yana tunanin wa a cikinsu ya zauna kujerar nan. Takalman soja ne jere a jikin katanga, baƙaƙe, an goge su tas, duk iri ɗaya.