Yayen Ɗan Karyar Rabo

Karyar da marigayi Rabo mafarauci ya bar wa matarsa Baraka ta tsufa, haƙora sun fara zuba, amma a bara da kaka sai ga ta da 'ya'ya uku a ƙarƙashin rumbu. Biyu ba su yi kwana bakwai ba. Ɗayan da ya rayu ja ne mai farar ƙafa, kuma kowa a Mabai ya san daga shi karyar nan ta rufe. Baraka ta ƙwallafa rai a kansa. Awakinta tara ne, ita kaɗai ce a gida, ga shi kuma jinin karen mijinta ne.

Da ya kai wata ɗaya da rabi, uwar ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, shi kuwa yana maƙale da ita. Baraka ta zuba masa tuwon jiya, ya shinshina ya koma wa nono. Sai ta yi abin da ta sani. 'Ya'ya bakwai ta yaye, kuma kowanne gidan kaka aka kai shi har ya manta da mama. Kwikwiyo ba shi da kaka, saboda haka ta sa shi a kwando ta kai wa ƙanwarta Suwaibatu a ƙarshen gari.

"Yaye na kawo miki," ta ce. "Sati biyu in zo in ɗauki abuna."

Ran da ta koma, ta tarar da shi ya yi ɓul-ɓul, yana bin Suwaibatu daga madafa zuwa bakin rijiya. Baraka ta kira shi, ko waiwaye bai yi ba. Suwaibatu ta yi ɗan tsaki kawai, sai ga shi yana birgima a gabanta. Abin ya soki Baraka a ƙahon zuci. Tun suna yara haka abin yake, duk abin da ya shiga hannun Suwaibatu sai ya fi son ta.

Sau uku Baraka tana mai da shi gida, sau uku yana bin ƙasan danga ya koma wurin Suwaibatu. A na huɗu ta yafa mayafi ta nufi zauren mai unguwa Malam Gide, aka aika wa Suwaibatu ta zo, kwikwiyon na biye da ita.

"Malam, ƙara na kawo," in ji Baraka. "Amana na ba yarinyar nan, ta shanye mani kare."

Yarinyar da ake magana ta haura sittin.

"Yaya, mi na ba shi in ba abinci ba?" Suwaibatu ta ce. "Ƙanzo nake jiƙawa a tsala har shi yi laushi, in ba shi kaɗan-kaɗan sau huɗu a yini. Ke kuwa tuwo kika jefa mai kamar dutse."

"Da wannan tuwon na raini mutum bakwai. Wanne ya ƙi ni?"

Malam Gide ya gyara zama. "Gwaggo, yaro in ya dawo daga yaye ya san uwa tai. Kare kuwa hannun da ya fara ba shi abinci yake bi. Da kin tambayi mafarauta."

"Mafaraucin da zan tambaya yana kushewa. Ni dai ka hwaɗa mani, kare nawa ne ko nata?"

"Naki ne."

"To a rubuta."

Ba a rubuta komai ba, amma an yanke cewa ta tafi da karenta, Suwaibatu kuma kada ta taka gidan yayarta sai bayan kwana arba'in, in kuma ya gudo ta kore shi. Suwaibatu ta ce ta ji, idonta na ƙasa. Baraka ta lura da haka, ta ji daɗi.

Ta ɗaure shi a gindin rumbu, ta kai uwar bayan garken awaki. Yini biyu bai ci ba, sai kuka yake yana jan igiya wajen ƙofa. Baraka ta zage shi, ta zagi Suwaibatu, ta haɗa da mai unguwa. A rana ta uku ta ga cikinsa ya lotsa, ƙafafun baya suna rawa. Ta daɗe tsaye a kansa. Sannan ta kankaro ƙanzo, ta sayi tsala wajen Bafulatana, ta jiƙa yadda ƙanwarta ta faɗa a gaban mutane, tana yi tana harara kamar ana kallon ta, ta zuba masa a kasko.

Ya lashe kaskon tas. Da la'asar ta ƙara masa, ya cinye, ya zo ya kwanta a inuwarta.

Da kwana goma suka cika ta kwance igiyar, ta zauna a kan turmi tana jira. Ya yi gudu har bakin ƙofa, ya tsaya, ya dawo ya shiga cikin awaki yana haushin wani bunsuru.

Maƙwabciyarta Bilki ta leƙo ta kan danga ta ce Suwaibatu na gaishe ta, tana tambayar ko ya ci.

"Ki ce mata saura kwana talatin," in ji Baraka, ta tashi ta ɗauko kaskon.