Takardun Lado Mai Keke

"Malam, karanta mini ta ranar da ruwa ya tsare ni ƙarƙashin gada."

Lado ke nan, maƙwabcina, kwance bisa tabarma a zaurensu nan Kurfi, ido a rufe. Kwana tara ke nan da likita a Dutsin-Ma ya ce a maido shi gida.

Na ce, "Mutum a wanga hali istigfari ya kamace shi, ba labarin gada ba."

"Na yi ɗari tun asuba. Karanta dai, mai faɗa."

Shekara ashirin da bakwai Lado ya yi a Kano yana tallan turare bisa keke. Kullum in ya sauka sai ya cika shafi guda da ajami, abin da idonsa ya gani a ranar. Da can direbobi yake ba wa su kawo. Da waya ta zo, sai ya ɗauki hoton shafin ya turo wa ɗiyarsa Murja. Ita boko ta yi, ba ta iya hannun ubanta, sai ta tsallako gidana. Ni kuwa allo kaɗai na sani. Haka na zama mai karanta shirmen Lado, ina karantawa ina tsaki.

Na laluba cikin buhun da ya dawo da shi, na zaro shafin.

"Talata. Ruwa ya tsare mu ƙarƙashin gadar Ƙofar Nasarawa, ni da mai kifi da wata malamar asibiti. Ba wanda ya san wani, amma laima ɗaya muka raba. Da ya ɗauke, titi ya koma madubi. Na tuƙa kekena bisa gajimare har Sabon Gari."

Sai na ga ƙafafunsa suna motsi ƙarƙashin mayafi, a hankali, wannan ta hau, waccan ta sauka.

"Ina muke yanzu, Malam?"

"Kurfi."

"A'a. Mun kusa Fagge. Riƙe ni da kyau, akwai rami gaba."

Ni da ban taɓa yarda a goya ni a keke ba, na dafa kafaɗarsa. Iskar damina ta shigo zauren da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, turarensa da ya kama bango ya taso, har na ji kamar tabarmar tana gangarawa da mu.

Can ya ce, "Yarinyar nan ba ta san ni ba sai a takardun nan. Kada ka bari su ɓace mata."

Na ce masa ya yi shiru ya yi salati. Ya yi. Laraba da hantsi ya cika, muka kai shi kafin azahar.

Bayan sadakar uku ina alwala, Murja ta faɗo gidana ba sallama.

"Baba Malam, Baffa Alu zai ƙone su!"

Na bi ta gidansu, na tarar da Alu, yayan mamacin da ya zo daga Wurma, ya hura wuta a kasko a tsakar gida, buhun yana gefensa, har ya haƙa ramin da zai binne tokar.

"Alu, mi kake yi haka?"

"Abin da kai ka koya mana, Malam. Takarda mai harafin Alƙur'ani ba a barin ta akuya ta tauna, yaro ya taka. Ga bisimilla nan a kan kowacce. Addu'o'insa ne, a rufa musu asiri."

Gaskiya ya faɗa. Ni na sha tsawata wa mutane a kan haka a ƙofar masallaci, kuma Lado bai taɓa fara shafi ba bisimilla ba. Na buɗe baki zan buga masa karin magana, na ga ba wadda za ta kashe wutar. Murja tana tsaye jikin bango, ta cusa bakin mayafinta a baki.

Na ce, "Ba ni minti biyu."

Na durƙusa ina juya takardun, gwiwata tana ƙara, har na samo wadda nake nema. Shekara shida da suka wuce na karanta wa Murja ita.

"Asabar. Na hangi wani a Kantin Kwari yana tafiya irin ta Yaya Alu, kafaɗar dama a sama kamar ya saɓa galma. Na san ba shi ba ne. Duk da haka na bi shi a hankali har Ƙofar Mata, don in ƙara kallon tafiyar. Yau ban sayar da ko kwalba ɗaya ba, kuma ban yi asara ba."

Alu ya kai hannu ya taɓa kafaɗarsa ta dama, ya sauke ta, ta sake hawa.

"Ja'iri," ya ce. "Shi da ko gaisuwar Sallah sai na aika." Ya zauna bisa turmi. "Akwai wata da ya ambace ni?"

"Sun fi ashirin."

"To, bisimillar fa?"

"Zan ɗora su saman kantata, tare da littattafaina. Akuyar da za ta kai can sai ta taka ni tukuna."

Murja ta yi dariya da hawaye, ta ɗebo ruwa a buta ta tsiyaya a kaskon.

Muka zauna ina karantawa har la'asar ta yi sanyi. Yayyafi ya fara. Keken yana jingine inda Lado ya bar shi, ƙarƙashin indararo, ɗigon ruwa yana faɗowa bisa ƙararrawarsa, tana amsawa ƙasa-ƙasa.