Jinyar Jar Motar Madu

A shekarun nan da kuɗin man fetur suka sa mutane suka juya wa gyaɗa baya, duk wanda ya samu a Kazaure sai ya sayi babur, ko ya yi wa ɗakin uwarsa rufin kwano. Madu kuwa, da kwangilar kai siminti ta karɓe shi a Kano, mota ya sayo mai ƙofa biyu da kujera biyu. Ja wur, ƙasa-ƙasa, in ka tsaya kusa da ita rufinta bai wuce ƙugunka ba. Mutumin da ya tashi a gidan da ake tuƙa tuwo tukunya-tukunya, shi ne ya sayo motar da ba ta ɗaukar kowa sai shi da mutum ɗaya. Da aka yi masa magana ya ce irin ta gudu ce, kuma mutum ɗayan ma ya san ko wace ce.

Hajja Kaka yake nufi, kakarsa da ta raine shi bayan rasuwar iyayensa, ta yi ta soya ƙuli-ƙuli har ya gama makaranta. 'Yar Barebarin Babura ce, aure ya kawo ta Kazaure, kuma yayarta Ya Kura tana can, su biyu suka rage a ɗakinsu. Tun da ciwon gwiwa ya hana Hajja Kaka taka tayar babbar mota ta hau, damina ta yi ta zagayowa ba su sa juna a ido ba. Madu ya daɗe da yi mata alkawari cewa ranar da ya yi mota, shi da kansa zai sauke ta a ƙofar Ya Kura.

Da motar ta iso, tsohuwa ta fito dogare da sanda, ta zagaya ta, ta leƙa ciki.

"Kai maigida, wannan mota ce ko akushi aka kife? Ta ina mutum yake shiga?"

"Ke dai ɗaura kayanki, amarya. Ranar Juma'a a Babura za ki yi la'asar."

Ta yi tsaki irin na wasan kaka da jika, amma kafin rana ta faɗi ta riga ta aiki wani mai fataucin goro ya gaya wa Ya Kura ta share ƙofar gida, ƙanwarta tana nan tafe a jar motar jikanta. Duk wanda ya san tsofaffin nan biyu ya san magana ta ƙare. Tun suna 'yan mata suke gasa da juna, daga kitso zuwa jeren kwanuka har zuwa jikoki. Tunda saƙo ya tafi, Hajja Kaka ba za ta shiga Babura a cikin wani abu dabam ba, ko da jirgin sama ne.

Ba a kai Juma'ar ba. Madu ya fita hanyar Daura don ya ɗan ji muryar inji, yana tuƙi a hankali kamar yadda 'yan kamfani suka gargaɗe shi. Yana daidai gindin duwatsu sai wani abu ya ce ƙwas a cikin bonet, motar ta yi tari, ta yi shiru. Ya murɗa makulli har yatsunsa suka yi zafi. Manoma masu dawowa daga gona ne suka turo ta ƙofar gida, shi yana ciki riƙe da sitiyari, yana jin kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Kamfanin da ya sayar masa da ita a Kano bai yi gardama ba. Suka turo makanikensu, wani dogo mai suna Halliru, ya duba ya ce inji ya buga, kuma aibin tun daga inda aka ƙera ta ne, ba laifin direba ba. Mota tana cikin garanti, za a sa mata sabon inji kyauta. Sai dai ya kamo hannun Madu ya nuna masa kawunan notuna, kowanne an ɗiga masa rawayan fenti.

"Ka ga wannan fentin, Alhaji? Shi ne shaidarmu. In wani ya sa sifana ya fasa shi, kamfani ya zare hannunsa, babu roƙo. Ka bar ta a nan, garejinmu a cike yake. In inji ya iso mu zo da janwe mu ɗauka."

Daga nan Madu ya zama ɗan hanyar Kano. In ya je a ce ya dawo mako mai zuwa, in ya dawo a ce manaja ya tafi Kaduna. Da ya matsa, aka gaya masa gaskiya: injinsa yana cikin jirgin ruwa a Ikko, jirgin kuma yana bin layi a bayan jiragen siminti da suka toshe tashar, ba wanda ya san ranar da za a sauke. Simintin da ya sayi motar da ribarsa, shi ne ya tare wa motar hanya. Madu ya yi dariyar takaici a gaban teburin manaja, ya fita bai yi sallama ba.

A gida kuwa motar ta zama majinyaciya. Aka lulluɓe ta da tsohon tamfol a gindin dalbejiya, awaki suka mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Mutanen Kazaure ba sa wuce mara lafiya ba su yi dubiya ba, kuma ba sa yin dubiya ba su faɗi magani ba. In Madu ya fito masallaci sai a tare shi, "Ya mai jikin?" Wannan ya ce akwai makanike a Ɗambatta da ke tayar da matacciyar mota, wancan ya ce a gwada canza mata mai, wani ya rantse kambun baka ne. Yawancin maganganun nan a zauren Baba Zarami suke sauka, yayan mahaifin Madu, wanda shi ne babban gida, kuma a wurinsa abin kunya ne a ce abu yana kwance a ƙofarsa bai nema masa magani ba.

Madu ya ga inda abin ya dosa, hankalinsa ya tashi. Ya cire takalmi ya durƙusa a zaure, kai a sunkuye, da niyyar ya ce kada a bar kowa ya taɓa injin. Amma ta wane baki ɗa zai kafa wa uba doka a ƙofar gidansa? Abin da ya iya fitowa daga bakinsa shi ne, "Baba, sun ce dai a ɗan dakata musu."

"To, Allah ya kawo su," in ji Baba Zarami, ya ci gaba da jan carbi.

Madu ya san maganar ba ta shiga ba. Sai ya bi hanyar da ake bi, ya sami Malam Na'Allah, aminin Baba Zarami tun ƙuruciya, ya zayyana masa komai, da fentin da garantin, ya roƙe shi ya isar. Malam Na'Allah ya ce ya kwantar da hankalinsa. Shi ma dai da ya zauna gaban amininsa sai ya ga maganar ta yi kaifi, ya ɗan goge mata baki. Ya ce, "Yaron nan naka yana da kunya. Nauyi yake ji kada a ɗora maka wahalar motar nan." Baba Zarami ya jinjina kai, tausayi ya kama shi. Abin da ya fahimta shi ne yaro yana neman taimako, kunya ta hana shi faɗa.

Ana cikin haka mai goro ya dawo da labarin Ya Kura tana kwance, amma da sauƙi. Madu ya shiga ɗakin Hajja Kaka ya ce zai ɗauko shatar tasi daga Kano, ko ya aro motar abokinsa.

"In shiga Babura a motar aro, Ya Kura ta yi mini dariya har lahira? Ai ka ji an ce da sauƙi. Na jira tawa."

Kowane zuwa mai goro da sauƙi yake cewa. Madu ya sani, kamar yadda kowa ya sani, cewa ko mutum yana shure-shuren mutuwa da sauƙi ake cewa. Ya yi lallashi, ya yi fushi, ya sa matan gida suka yi mata magana, tsohuwa ta kafe. Ƙullin tsarabarta, da daddawa da turmin atamfa, yana nan a bakin gado, kullum sai ta kwance ta sake ɗaurewa. Shi kuwa duk lokacin da ya ga ƙullin sai ya ji haushin kansa, da na kamfani, da na ranar da ya fara ganin jar motar a bayan gilashi.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da inji ya iso Kano. Madu ya kwana biyu a can yana gadin janwe kada wani ya riga shi, ya shiga gaban janwen tare da Halliru, suka kamo hanyar Kazaure da hantsi. Rabonsa da farin ciki irin na ranar har ya manta, har rake ya saya wa direba a hanya.

Suna karyo kwanar gida ya hangi taro a gindin dalbejiya. An yaye tamfol, bonet a buɗe. A kan sabuwar tabarma ga injin motarsa nan an baje shi gunduwa-gunduwa kamar naman layya, an wanke kowane ƙarfe da fetur, an jera notuna a cikin kwanon sha. Wani kakkauran mutum mai baƙin mai har gwiwar hannu yana tsugune yana juya fistin yana kallonsa, da gani ka san bai taɓa haɗuwa da irinsa ba. Daudu ke nan, mai gyaran manyan motoci da injin niƙa a Roni. Baba Zarami yana zaune a kan kujera cikin babbar riga, fuskarsa fal annuri.

"Yawwa, ga shi nan. Madu, na ga abin ya dame ka, ga kakarka tana jira, na ce ba zan zuba ido ba ina raye. Na aika Roni aka ɗauko Daudu tun jiya. Ga baƙinka ma mun rage musu aiki, sai dai su ɗora nasu."

Halliru ya tsuguna ya ɗauki noti ɗaya daga cikin kwanon, ya juya shi a tafin hannu. Fentin ya fita tas. Ya mayar a hankali, ya dubi Madu, ya ja shi gefen janwe.

"Alhaji, ko na rufa maka asiri, manaja da idonsa zai duba. Injin nan kuma akwai masu jiransa a layi. Wallahi ba yadda zan yi."

Madu ya juya ya kalli tabarmar. Yana so ya yi ihu, ya yi ƙwallo da kwanon notunan, ya tambayi duk taron wanda ya aike su. Ya waiga ya ga Malam Na'Allah ya sunkuyar da kai yana gyara hula. Ya ga Baba Zarami yana jiran abin da ake ce wa uba in ya yi wa ɗa hidima. Ya taka ya je ya durƙusa.

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

Janwe ya juya ya koma Kano wayam. Daudu ya yi kwanaki yana ƙoƙarin mayar da abin da ya kwance, ƙarshe ya tattara ƙarafan a buhu ya ce sai ya yi shawara da wani a Kano.

Ranar da aka ɗaure bakin buhun mai goro ya zo. Wannan karon bai ce da sauƙi ba. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce Ya Kura tana cigiyar ƙanwarta. Hajja Kaka ta jawo ƙullinta ta ce wa Madu ya nemo ko mece ce mai taya.

Babbar motar 'yan kasuwa suka samu washegari. Ƙarti biyu suka ɗaga tsohuwa suka sa ta a gaba, tana cije leɓe saboda gwiwa. Motar ta tsaya a kowane ƙauye ana loda buhuna, ta kafe a yashi sau ba adadi, ba su shiga Babura ba sai bayan azahar. Tun daga bakin lungu Madu ya hangi maza zaune a kan tabarmi, ƙafafunsu da jar ƙasar maƙabarta. Da safe aka kai Ya Kura.

Aisa, 'yar Ya Kura, ta fito ta rungume Hajja Kaka, suka yi kuka mai isarsu. Madu yana tsaye riƙe da ƙulli, sai ya lura lungun ba yadda ya san shi yake ba. Da, jaki mai kaya da ƙyar yake wucewa. Yanzu an ja darnin maƙwabta baya ta kowane gefe, an sare reshen kurnar da ke tare hanya, an cike kwazazzabon tsakiya da tsakuwa an daɓe.

"Ita ta sa aka yi," in ji Aisa tana share ido. "Ta tambayi mai goro faɗin motar, da ya ce mata ƙasa-ƙasa ce ta ce a cike ramin nan kada cikinta ya gogu. Kullum da la'asar sai mun fito da ita zaure ta zauna tana kallon bakin lungu. Ta ce so take ta ga yadda za ki fito daga ciki da wannan gwiwar taki."

Hajja Kaka ta saki Aisa. Ta miƙa sandarta ta taɓa darnin dama, ta ja ƙafa ta taɓa na hagu, ta daɗe tana duban daɓen da ba tayar da ta taka shi.

"Madu," ta ce, ba ta ce maigida ba. "Da motar ta shige kuwa."

Ta dogara sandarta ta bi tsakiyar hanyar a ƙafa, a hankali, har ƙofar yayarta. Madu ya bi ta a baya da ƙullin tsaraba, makullin jar mota yana cikin aljihunsa.