Mudun Cindo a Bakin Rijiya

A shekarar da aka fara kawo siminti ƙasar Gumel, ganga biyu kacal ta iso Ɗanzomo a bayan raƙumi, don a ɗaure sabuwar rijiyar gari da yashi ke yawan cinyewa. Aka ɗauko Manu, maginin da ya koyi aikin siminti a Kano. Shi zai shiga cikin ramin, sai dai yana buƙatar mai auna masa haɗi a waje. Mai gari ya ce wa ya kai Cindo, ma'aunin hatsin kasuwa, iya riƙe mudu?

Manu ya ce, "Baba Cindo, siminti mudu ɗaya, yashi uku. Kada ka ƙara, kada ka rage."

"Tun ba a haife ka ba nake awo, ɗan nan. Sauka abinka."

To, hannun Cindo ya saba da gero. In ya zo kan siminti, sai ya shafe bakin mudu, don abu ne mai tsada. In ya zo kan yashi, sai ya yi masa tozo, ya tare da tafin hannu, ya kuma watsa gyara, kamar yadda yake yi wa matan gari masu kukan 'ya'yansu da yawa. Yashi ai kyauta ne, rowarsa abin kunya.

Ruwan farko na sauka, ɗaurin ya marmashe ya rufta. Mata suka koma tafiyar rabin yini neman ruwa. Gari ya ɗauka cewa Manu bai iya komai ba, wasu har suna cewa ya sayar da rabin simintin.

Cindo ya je ya tsinci ɓaraguzai, ya murza, suka zube a hannunsa kamar tsaki. Ya gane yashi ne ya yi yawa. Kwana shida yana ɓoye abin a ransa. Duk macen da ta wuce da tulu, sai ya sunkuyar da kai.

Rana ta bakwai da hantsi ya tarar da Manu yana ɗaure kaya a kan jaki, zai bar garin.

"Manu, tsaya. Yashin nan, da tozo na auna shi. Har da gyara."

Manu ya saki igiyar. "Gyara? Rijiyar ce ta ce maka 'ya'yanta da yawa?"

"Ka yafe mini."

"Ni ɗaya kake gaya wa, Baba, ga jaki shaida. Waɗanda suka kira ni ɓarawo suna ƙofar mai gari."

Cindo ya dubi wajen. Dattawa cike da rumfa, har da surukinsa. Ya san daga yau da wuya wani ya sake yarda da mudunsa. Ya gyara hularsa.

"Kada ka kora jakin tukuna," in ji shi. "Biyo ni, ka ji da kunnenka."