Fenti a Ƙarƙashin Noti

Maigandi ya kashe wutar injin ban ruwa na Boyekai ranar Talata da hantsi, ya jefa makullin a aljihu.

Shekara talatin ya yi yana aikin lantarki. Yanzu gadin injin kawai yake yi wa ƙungiyar masu albasa. Da safe Mode makiyayi ya gaya masa shanu sun ƙi shan ruwa a kwamin da ke gefen akwatin wuta. Su kai baki, su zabura, kamar wuta na jan su.

Maigandi ya buɗe akwatin. Babban kebul ɗin da ya taso daga taransifoma yana da rigar ƙarfe, kuma dole a ɗaure rigar da jikin akwatin da wayar ƙasa, don in wuta ta ɓalle ta bi ƙasa, kada ta bi mutum. An ɗaure. Amma manoma sun shafe akwatin da koren fenti don bikin buɗewa, aka ɗaure notin a kan fentin. Ƙarfe bai taɓa ƙarfe ba.

'Yarsa Mashkura ce ta yi aikin, na farko tun da ta gama makaranta.

Isa, shugaban manoma, ya biyo shi. "Baba, yau ne ranar ban ruwa, kwana ukku albasa ba ta sha ba. Don saniya ta yi yanga za mu rasa noman bana?"

"Saniya ba ta ƙarya."

Mashkura ta iso bayan azahar. Maigandi ya nuna mata notin da yatsa. Ta daɗe tana kallo.

"Ban kankare fentin ba," in ji ta a hankali.

"Sauran ɗaurin ya yi kyau," ya ce, yana kallon gona. "Ko ni iyakata ke nan."

Ta sa sifana. Notin ya ci tsatsa saboda damshin wurin, ya karye tare da kan wayar. Irinsa sai Sakkwato, sai gobe.

Ta dubi ganyen albasa da ya kwanta, ta dubi manoman da suka yarda da ita suka ba ta aikin.

"Baba, kunna muna awa biyu kawai. Ni ka tsayawa bakin akwatin, ba mai matsowa."

"Wa za ya tsaya?"

"Ni. Laihina ne."

Ya karɓi sifanan daga hannunta, ya goge mata tsatsar tafinta da bakin rigarsa, kamar tana 'yar shekara biyar.

"A'a, ɗiyata," ya ce. "Ba ni kunnawa."