Kabarin Cikin Sito

Shekara tara na yi ina duba wa wani Bature fata da ƙirgi a Gashua. Mutumin Holan ne, sunansa ya ƙi bakinmu, sai muka sa masa Dogo. Kai, mutumin kirki! Har yau in na ji warin ƙirgi shi nake tunawa.

A bangon sitonsa akwai wani hoto, zanen cikin cocin garinsu. Fararen ginshiƙai kamar su taɓa sama, mutane 'yan mitsi-mitsi a ƙasa suna hira, wata mata na shayar da ɗa, har da kare. A gefe kuma an ɗage dutsen daɓe, wani na haƙa rami. Na taɓa tambayarsa ramin mene ne.

"Kabari ne, Abbagana," in ji shi. "Kakannina duk a ciki suke kwance."

Daminar 1947 zazzaɓi ya kama shi, kwana huɗu ya cika. Ruwa ya datse hanyar Nguru, ba Bature ko ɗaya a kusa, ga zafi, gawa ba ta jira. Babayo mai awo ya ce a kai shi bayan gari a rufe.

Na ce, "Bayan gari? Kai da wa? Mutumin da ya ci tuwonmu, mu yar da shi a daji shi kaɗai?"

Na ciro hoton na nuna musu. Mutanensa a cikin ɗaki ake binne su, inda ake shiga ana fita ana hira. Muka kwashe ƙirgi, muka fasa daɓen sito, muka sa shi, muka mayar da ƙasa.

Bayan mako uku manajan kamfaninsu ya iso daga Nguru. Da ya ji abin da muka yi ya dafe kai.

"Na cikin hoton ai ɗakin ibada ne, ba kanti ba! Kuma an fi shekara ɗari da daina haka."

Kunya ta rufe ni, wallahi. Na ce ko mu tone shi? Ya kalli wurin, sannan ya cire hularsa.

"Bar shi," in ji shi. "Can gida ba shi da kowa. A nan ko ba komai kullum zai ji muryarku."